Jitar Yaya Mai Wanki

Yayata ta fi shekara arba'in hannuwanta na cikin ruwa kafin ta taɓa jita. Wanki da guga ne sana'arta, kuma duk layinmu Yaya ake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. Ni kaɗai ce mai haƙƙin kiranta da sunan, don cikinmu ɗaya, amma na daɗe da haƙura na bar wa jama'a. Ita kuma Auta take ce mini. Yau ga ni da furfura har da jika, ba ta fasa ba.

A saman benen gidan da take haya take aikinta. Akwai famfo a kusurwa, da manyan bahunan roba, da wani benci da ƙafarsa ɗaya ta gaji aka tokare ta da bulo, sai igiyoyin shanya da aka ja daga wannan bango zuwa wancan. Yawancin kayan na wani ƙaramin otal ne da ke bayan tasha, zannuwan gado da rigunan filo da tawul. In ta gama shanya da hantsi iska ta taso, sai saman benen ya koma wani gari dabam, mai fararen bangaye da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Za ka kira ta ta amsa daga wani lungu, kafin ka isa lungun ya tashi ya koma wani gefe. Tun ina yarinya nake son zama a irin wannan wuri, cikin ƙanshin sabulu da ɗigar ruwa, ina gyangyaɗi ina kallon inuwarta tana wucewa ta bayan zannuwa.

Mutane suna ɗauka duk mai aikin ƙarfi hannunsa kaushi gare shi. Na Yaya ba haka yake ba. Ruwa ya cinye shi, tafin ya yi fari, yatsun sun yamushe sun yi laushi kamar na jariri. Ko allura ta ɗauka sai ta bar mata shaida.

Innarmu ma wanki take yi. Ta rasu Yaya na da shekara goma sha biyu, ni kuwa ko yaye ni ba a yi ba. Yaya ta gaji bahon, ta gaji masu kawo kaya, ta gaje ni. Inna ba ta bar hoto ba, 'yan zannuwanta kuma mu muka ɗaura su har suka mutu. Yaya ta san tafiyarta, ta san dariyarta, ta san yadda take faɗa. Ni ko inuwarta ban sani ba. Nakan ce wa mutane ni ba haifa ta aka yi ba, Yaya ce ta tsince ni a cikin kayan wanki, a yi dariya, ni ma in yi. Amma abin yana ci mini rai. Ban taɓa jin cewa akwai wani lokaci da ni da matar nan muka taɓa zama a duniya ɗaya ba.

Abin ya faro ne daga maƙoƙo. Ya daɗe a wuyan Yaya, da ya fara matsa mata aka yi mata aiki. Aikin ya yi kyau, sai dai muryar ba ta dawo ba. Tana magana, amma ƙasa-ƙasa, kamar ana jan buhu a kan siminti, ba ta hawa ba ta sauka. Da yake a kantin magani nake aiki, ni ke zuwa kullum in wanke mata ciwon in canza auduga. Wata rana ina cikin manna filasta na ga tana ta motsa maƙoshi, bakinta a rufe, iska kawai ke fita ta hancinta. Na ce ta daina kar ta fasa ɗinkin. Sai na ga hawaye.

A nan ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Inna tana da wata waƙa. Ba ta da kalmomi, baki rufe ake yin ta, kuma a bakin baho kawai take yin ta. Yaya ta ce tun ranar da aka binne Inna waƙar ke cikin kanta, duk sanda ta sunkuya wanki sai ta taso. Sau da yawa ta so ta yi mini ita, da ta fara sai kuka ya shaƙe ta, sai ta ce gobe. Goben nan ce ta yi ta ja har aka kai ta ɗakin tiyata. Yanzu an kulle ƙofa, waƙar tana ciki.

"Ita kaɗai ta rage, Auta," ta ce. "In na mutu da ita, Inna ta mutu sau biyu. Ke kuma ba ki samu komai ba."

Sai na ce ta sha maganinta. Haka nake, in abu ya taɓa ni sai in koma ma'aikaciyar kantin magani.

A bakin layinmu akwai shagon Mai Rediyo. Dattijo ne siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, yana zaune tsakanin rediyoyi da fankoki da aka farke wa ciki, shagon kullum yana warin dalma. An ce da ƙuruciya ya yi kiɗa a otal-otal kafin ya yi aure ya nutsu. Shaidar da ta rage ita ce wata tsohuwar jita da ke rataye a ƙusa, ƙura ta lulluɓe ta, gizo-gizo ya kama haya a cikinta. Yaya ce ke masa guga. Ranar da ta warware ta kai masa rigunansa, ta tsaya tana kallon jitar, sannan ta tambaye shi ko abin nan yana iya faɗin abin da ke cikin kan mutum. Ya ɗauka wani jikanta take nema wa. Da ya gane ita ce, sai ya sauko da tabarau na biyu ya ɗora a kan na farko ya dube ta da kyau, ya ce to ai gemu ba ya hana ilimi. Da labari ya iso ni na ce Yaya ba ta da gemu, taurin kai ne da ita, kuma shi ma ba ya hana komai.

Layi ya ɗauka. Wasu suka ce tsufa ne ya zo mata da gardama, wasu suka ce allurar barcin da aka yi mata ce ba ta gama sakinta ba. Maigidana ya tambaye ni ko ya fara tanadin kujerar gaba a wurin kallon wasanta. Yaya ba ta tanka wa kowa ba. Dama can ba mai yawan magana ba ce, yanzu kuma ga uzuri ya samu.

Da yamma, in ta sauke shanya, sai ta je shagon ta zauna a kan wata tsohuwar talabijin. Na je kallo ranar farko, kuma ba zan ɓoye ba, dariya na je yi. Ta riƙe wuyan jitar kamar za ta matse bargo. Mai Rediyo ya yi ta lallashinta ta sassauta, ya ɗora mata yatsa a kan tsirkiya, wato wayar da ake kaɗawa, ya ce ta danna. Ta danna, ta kaɗa da ɗaya hannun, abin ya yi wani kuka kamar an taka wutsiyar mage. Ta sake. Kafin a tashi, kan yatsunta na hagu duk sun tsage, tsirkiyar ta shata musu layi ja. Dariyar da na zo da ita na koma da abata gida.

Bayan kwanaki ba abin da ya canja, sai Mai Rediyo ya ce ta miƙo hannun. Ya juya shi ya latsa kan yatsun, ya nuna mata nasa, masu tauri kamar ƙofato duk da shekarun da ya yi bai kaɗa ba. Ya ce abin da ake nema kanta ce, wato taurin fatar yatsu. Kowane sabon shiga yana shan wannan zafin, amma fata takan yi tauri ta daina ji. Ita kuwa abin da ta tara da yamma, da safe ruwa ke cinye shi.

"Yaya, ko ruwa ko jita," ya ce. "Ki ba hannun nan hutu ko na wata biyu ne."

Na ɗauka a nan zancen zai mutu, don tun tana 'yar shekara goma sha biyu Yaya ba ta taɓa yin kwana uku a jere ba ta jiƙa hannu ba, in ka cire kwanciyar asibiti. Sai ga shi ta kira maƙwabciyarta, wadda ake ce wa Maman 'Yan Biyu, ta miƙa mata wankin, ita ta tsaya a guga da ninki. Ko kofin shayinta ni nake ɗauraye mata in na zo.

Waɗannan watanni Yaya ta yi su ne kamar mai tafiya cikin barci. Ba ta san abin da ake yi da safiya ba. Takan hau saman bene ta zauna a benci, jitar da Mai Rediyo ya ba ta aro tana cinyarta, tana danna tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, tana jiran kowace ƙara ta gama mutuwa kafin ta tayar da wata. In ta tashi wucewa ta ƙarƙashin igiyoyin shanya sai ta ɗaga yatsa ta kaɗa su, zannuwan su yi rawa. Ta ce mini ashe duk shekarun nan a cikin wata ƙatuwar jita take aiki ba ta sani ba. Hannun ya bushe, ya yi duhu, ya zama na wata mata dabam. Ranar da kantar ta kama, ta ƙwanƙwasa mini kan yatsunta a jikin kofi don in ji, tana murmushi kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi. Ta iya ɗaure tsirkiya da sassauta ta har muryoyinsu su daidaita. Ta iya wata 'yar waƙar yara da Mai Rediyo ya koya mata, tsaf, ba kukan mage.

Sai ta ce to yanzu lokaci ya yi, za ta ɗauko waƙar Inna.

Da yammar ranar na same ta a benci, jitar a gefe, ta zuba wa bango ido. Na tambaye ta ko wuyan ne. Ta girgiza kai.

"Na je ɗaukowa," ta ce, "na tarar da ɗakin a share."

Babu waƙar. Ba farkonta, ba ƙarshenta. Ta ce ta san tana da ita kamar yadda mutum ya san ya taɓa zama a wani gida, amma ta rasa hanyar gidan. Ba ta ma san ranar da ta tafi ba, tana can tana murnar kantar yatsunta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Yaya irin na ranar ba, ko da za a shiga da ita tiyata. Ni ma na ji kamar an ƙwace mini wani abu, alhali ban taɓa riƙe shi ba.

Tabon shayi ne ya cece mu. Maman 'Yan Biyu mace ce mai kirki, amma wankinta na a-gama-a-tafi ne. Wata safiya Yaya na ninke zanin gado ta ga tabo a tsakiyarsa, an wanke an shanya an bar shi yana kallon mutane. Ta ce ba ta ma yi tunani ba, sai ganin kanta ta yi a bakin baho, hannu biyu cikin kumfa har gwiwar hannu. Ta cuɗa sau uku ta tsoma, yadda ta saba, ta sake cuɗawa ta tsoma. Sai ga waƙar ta shigo abinta, kamar wadda ta je maƙwabta ta dawo. Yaya ta saki zanin ta ruga ta ɗauki jitar hannu na ɗiga, ta laluba ta laluba har ta kama muryoyin farko guda huɗu ko biyar. Hannun na bushewa waƙar na janyewa, kafin ta ankara ta sake ɓacewa.

Ashe a ruwa take zaune. Ga yatsu masu tauri ba waƙa, ga waƙa ba yatsu.

Mun gwada dabaru. Na kawo mata safar hannu ta roba daga kanti, ta sa ta yi wanki, ta ce ba ta ji komai ba, kamar ana mata magana ta bayan gilashi. Ta ɗaure hannun hagu a leda ta yi wanki da na dama kaɗai, ta ce waƙar ta zo, amma da ƙafa ɗaya tana ɗingishi. Daga ƙarshe ta kwance ledar, ta karɓi wankinta daga Maman 'Yan Biyu, ta naɗe jitar a tsohon zanin gado ta ajiye ta kusa da famfo. Ta yi wanki har waƙar ta cika mata kai, ta goge hannu a zaninta, ta ɗauki jitar ta kamo ɗan abin da ta iya, ta koma ruwa. Cikin mako guda kantar ta narke. Mai Rediyo ya yi mita ya gaji, ya je ya nemo tsirkiyoyin roba masu taushi ya canja mata, duk da haka yatsun ba su daina tsagewa ba. In na manna mata filasta sai ta cire, wai yana toshe wa jitar baki.

Ni kuma ta hana ni ji. Da ta ji takuna a matakala sai ta kife jitar. Na ce ai tawa ce, ta ce ita ba ta taɓa ba mai kaya wankinsa da danshi ba. Don haka na koyi hawa ba takalmi, in tsaya a tsakiyar matakala. Abin da nake samu guntu-guntu ne, iska ta kawo wannan ta tafi da wancan, kamar a nuna maka kunnen mutum yau, gobe a nuna maka diddigensa. In na koma kanti ina ƙirga wa mutane ƙwayoyi, guntayen suna yawo a kaina, ina ƙoƙarin haɗa su su zama mace.

Mai Rediyo kaɗai aka yarda ya hau. Shi ya gaya mini waƙar ta kusa haɗuwa, kuma ya ce bai taɓa jin irinta ba. A hankali take tafiya, taku uku sai ta nutse, taku uku sai ta nutse, ba ta bin ƙirgen da ya sani. Matsala ɗaya ce. A tsakiyarta akwai giɓi. Yaya takan zo daidai wani wuri ta tsaya cik, shiru ya ɗan ja, sannan waƙar ta dawo da ƙarfi, sama da inda ta tsaya. Ya ce tabbas wani abu ya faɗi a wurin, shekaru ne, ba laifinta ba ne. Da yake gyara ne sana'arsa, ya ce zai yi mata faci. Ya kaɗa mata ciko iri-iri, ya ce wasu har shi kansa sun ba shi sha'awa. Kowanne ta saurara har ƙarshe ta girgiza kai.

Giɓin nan ya hana Yaya sakat. Ta tabbata wani yanki na Inna ne ta yar a hanya, watakila a watannin da ta bar ruwa, kuma tana ganin in ta daɗe a baho zai taso. Ta wanke kayan otal, ta wanke labulenta, ta sauke zannuwan da suka bushe ta sake wanke su. Waƙar takan zo, ta iso wurin ta yi shiru, ta wuce. Yatsanta na tsakiya ya tsage har ya kumbura ya fara tara ruwa. Ranar da na gani raina ya ɓaci, na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta ba ni waƙar da giɓinta, ni da ban taɓa ji ba ina zan san wani abu ya faɗi.

"Ni na sani," ta ce.

Na wanke yatsan na naɗe shi, na ce in ta sake tsoma shi a ruwa asibiti za mu koma, kuma wannan karon yatsan za su cire. Ƙarya nake yi, amma ta yi amfani.

Bayan kwana biyu, ranar hutuna, 'yata ta kawo mini jaririyarta za ta je aiki. Na goya ta na tafi duba yatsan Yaya. Na tarar da kayan otal a tule, Maman 'Yan Biyu da ta taya ta wankin jiya ta yi tafiya, Yaya na zaune tana kallon baho kamar mai azumi a gaban tulu. Na ce ta zauna inda take, yau ni zan yi. Na tara ruwa na zuba sabulu na fara dirza, ina sauri don in gama. Ba a jima ba na ji muryar buhun nan a bayana tana cewa wannan ba wanki ba ne, dambe ne. Ta sa na gyara tsayuwa, na sunkuya sosai, ta ce in cuɗa sau uku in tsoma, kar in yi gaggawa, zanin ba guduwa zai yi ba. Na bi, ina gunaguni. Sannu a hankali hannuna ya kama, ruwan ya fara wata irin magana a jikin bahon.

Sai na ji ta warware zanin da ke naɗe da jitar. Ban juya ba, don kar ta tuna ina wurin.

Da yatsu uku masu lafiya ta fara, tana bin hannuna. Waƙa ce ƙarama, ba ta da ado. Tana hawa kaɗan ta sauko, kamar mai magana da kanta tana aiki, ba ta damu a ji ta ba. Rana ta fara zafi, shanyar jiya tana kaɗawa kewaye da mu, hasken ya zama fari ta ko'ina. Na ji kamar saman benen ya saki gidan ya ɗaga. Ta bayan wani zani na ga inuwar mace a sunkuye, na san tawa ce, amma na bar ta a matsayin ta wata. Aka zo giɓin, Yaya ta tsaya, na ji ta ja numfashi mai nauyi, sannan ta ci gaba har ƙarshe ta sake komawa farko.

A zagaye na biyu jaririyar ta fara zamewa. Duk wadda ta taɓa wanki da goyo ta san wannan, in an daɗe a sunkuye sai yaro ya sulalo gefe ya fara ƙorafi. Na saki zanin, na yarfe kumfa, na ɗago, na ɗan girgiza baya na cilla ta sama, na ja bakin zanin goyon na soke, na koma ruwa. Sai na lura jitar ta yi shiru tun ɗazu. Na juya. Yaya ta zuba mini ido, bakinta a ɗan buɗe.

"Sake yi," ta ce.

Na ce me zan sake. Ta ce in ci gaba da wanki, in ta ɗaga mini kai in gyara goyon. Ta ɗauko waƙar daga farko. Taku uku ta nutse, taku uku ta nutse. Da ta iso giɓin ta ɗaga kai. Na yarfe hannu, na ɗago, na cilla yarinyar sama, na soke zani, na ja numfashi na sunkuya. Hannuna na taɓa ruwa waƙar na dawowa, da ƙarfi, sama da inda ta tsaya. Ba ta jira ni ba, ban jira ta ba. Shirun ya ɗauke aikin daidai, ba ragi ba ƙari.

Yaya ta kwantar da jitar a cinyarta. Hawaye na bin fuskarta, amma dariya take yi, irin dariyarta ta yanzu marar sauti.

"Ba abin da ya faɗi, Auta," ta ce. "A nan take tsayawa ta gyara goyo. Kullum sai kin zame, ba kya zama wuri ɗaya. In ta ɗago ta gyara ki sai ta samu numfashi, shi ya sa take dawowa da ƙarfi." Ta share fuska da bayan hannun da ke naɗe. "Wata nawa ina neman abin da ya ɓata a wurin nan. Ashe ke ce a ciki."

Na tsaya hannuwana na ɗiga. Shekara arba'in da 'yan kai ina cewa a kayan wanki aka tsince ni, ashe akwai wata mata da takan katse waƙarta saboda ni, kullum, har katsewar ta zama cikin waƙar. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, har jaririyar ta tsorata ta taya ni. Yaya ta bar mu muka yi mai isarmu, sannan ta ce kumfar za ta mutu, kuma otal ba su san da wata Inna ba, zannuwansu suke jira.

Da yamma Mai Rediyo ya hau, aka yi masa bayani. Ya cire tabarau duka biyun ya goge su da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce Allah ya rufa asiri da ba a karɓi facinsa ba.

Yaya ba ta zama makaɗiya ba. Har yau waƙa biyu ta iya, ta yara da ta Inna, kuma ta koma ruwanta, yatsun sun koma laushinsu, in ta kaɗa sau biyu sai ta huta. Ba ta damu ba, ta ce ta miƙa kaya ga mai shi. Jitar tana nan kusa da famfo a cikin zaninta, Mai Rediyo ya ce ba ya son ta dawo, gizo-gizon ma ya samu wani gida.

Ni kuwa da nake kai wankina wurin Yaya tun da na yi aure, yanzu da kaina nake yin na gidana, har maigidana yana tambaya ko lafiya. Muryata ba ta da daɗi, amma tana hawa tana sauka, kuma waƙar ta zauna. Jikata ta fara tafiya, ba ta yarda a goya ta. Duk da haka in na iso wurin nakan saki zanin, in yarfe kumfa, in ɗago in gyara bayana ba kowa a kai, sannan in koma ruwa.